Bin Sawun Dauda Har Yawunde

Sunana Sali, mutumin Mugulbu a kudancin Mubi, manomi kuma ɗan maharbi. A shekarar da 'yan tada ƙayar bayan nan da muke kira mutanen daji suka ci garin Mubi na tsinci kaina a garin Gidar na ƙasar Kamaru, ba ni da komai sai rigar jikina da karyata Walƙiya. Matata Rabi da yara sun samu motar yayanta sun yi Yola, ni kuwa ina gona hanya ta rufe, sai na bi duwatsu ta Sahuda tare da jama'a. Ba zan tsaya a kan gudun ba, kowa a Mubi yana da irin nasa.

Walƙiya doguwa ce, baƙa mai jan ƙafafu da faffaɗan ƙirji. Daga karnukan mahaifina ta fito, waɗanda ya yi ta zaɓen irinsu tun ina yaro don korar birai daga gonar masara da bin gada a dutse. A gidanmu ba a sayar da kare. In karya ta haihu, mahaifina yakan ba wanda ya yarda da shi kyauta, wanda bai yarda da shi ba ko me ya kawo ba zai samu ba. Sauran karnukan sun watse ranar gudu, ita kaɗai ta biyo ni.

A Gidar na fara gane cewa ɗan gudun hijira da kare ya fi kowa wahala. Duk motar da na tsayar, magana ɗaya ce: "Kai ka shiga, kare ya tsaya." Waɗanda muka taho tare duk suka wuce suka bar ni. Daga ƙarshe wani direban motar albasa ya ce mu hau can sama kan buhuna, haka muka shiga Garwa idanuna na zubar da ruwa saboda yajin albasa.

Garwa gari ne mai zafi, kuma a lokacin ba a son ganin ɗan Nijeriya. 'Yan'uwanmu suna kwana a harabar masallaci, ni ba hali saboda kare. Na yi kwanaki ina raɓewa a bayan tasha kafin Allah ya haɗa ni da Dada Halima, wata tsohuwa Bafulatana mai sayar da kunun gyaɗa da ƙosai kusa da gadar mayo, wato kogin Binuwai. Ta lura kullum in na sayi ƙosai sai na raba biyu na ba karyar rabi.

"Ɗana, kai ba ka ƙoshi ba kana ciyar da dabba?" Da Fulatanci ta yi mini magana, na amsa mata da shi.

"Dada, ita ma daga gida ta gudo."

Ta juya ƙosai, sannan ta ce akwai rumfar itace a bayan gidanta, in je in kwana a can, amma kada karen ya kusanci tukwanenta. Na samu aikin wanke babura da motoci a bakin mayo. Da yamma in na karɓi aron waya na kira Rabi, sai in ji muryar yara a bayanta, in ce dai a gaishe su.

A bakin mayon nan Dauda ya same ni. Ya kawo wankin wata farar mota, ya tsaya yana kallon Walƙiya da ke kwance a inuwa.

"Wannan kare, mace ne?"

Da jin haka murna ta kama ni. Hausarsa irin tamu ce ta Mubi, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce shi mutumin garin Uba ne, maƙwabcin Mubi, ya daɗe a Garwa, sana'arsa kiwon karnukan Turawa yana sayar wa masu kuɗi. Muka yi ta lissafa unguwanni, Nassarawo, kasuwar shanu, wane ya tsira, wane ba a ji labarinsa ba. Ya saya mini shinkafa da kifi. Rabona da in yi dariya tun a gida.

Da ya dawo karo na biyu ya ce in sayar masa da ita. Na ce a gidanmu ba a yi. Bai ja ba, sai ya kawo wata shawarar. Ya ce yana da wani baƙin kare ɗan Jamus mai suna Baron, amma 'ya'yan karnukan Turawa ba sa jure zafin Garwa da kaska. In aka yi barbara tsakanin Baron da Walƙiya, za a samu 'ya'ya masu girman uban da ƙarfin jinin uwar. Zai riƙe ta, ya ciyar da ita har ta yaye, mu raba 'ya'yan, in ɗauki abata.

A lokacin haƙarƙarin Walƙiya ya fara fitowa, kuma maƙwabtan Dada sun fara gunaguni. Na gaya wa Dada Halima, ta ce in dai zan yi, to a yi a gaban Lawan, wato mai unguwarsu, kuma a rubuta. Da na faɗa wa Dauda sai ya yi dariya.

"Haba ɗan'uwa, tsakanin ɗan Uba da ɗan Mubi har sai an yi takarda?"

"Dada ce ta ce a yi, kuma a gidanta nake."

Aka yi a zauren Lawan. Magatakardansa ya rubuta da Faransanci, yana karantawa yana juya mini da Fulatanci, ba abin da aka ɓoye. Karya ta Sali ce, ba sayarwa aka yi ba. Haihuwa ɗaya za ta yi da kare mai suna Baron. Ci da magani a kan Dauda. 'Ya'ya a raba biyu daidai. Ranar da aka yaye su, uwa ta koma hannun mai ita. Aka siffanta launinta da na Baron, aka sa wata da shekara. Dauda ya sa hannu, na dangwala yatsa, Lawan ya buga hatimi, kowa ya ɗauki tasa. Ni na ba Dada tawa ta ajiye mini a cikin kwallarta.

Ranar da na kai Walƙiya gidan Dauda, da aka ɗaura mata sarƙa ba ta yi haushi ba. Ta dai tsaya tana kallona har aka rufe ƙofa.

Da farko komai ya tafi daidai. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je in gan ta. Ta yi ƙiba, ta ɗauki ciki, da zafin bazara ya shigo ta haifi 'ya'ya takwas, baƙaƙe masu jan baki kamar ubansu. Sau ɗaya na gan su a jikinta. Daga nan in na je sai a ce Dauda ba ya nan, ko a ce likita ya hana shiga. Wata rana na zagaya ta baya na leƙa ta saman katanga. Sai na ga 'yan kwikwiyon an yanke musu wutsiya, an datse kunnuwa an naɗe da filasta an tsayar da su sama. Na zauna a ƙofar gidan har ya dawo.

"Dauda, wa ya ce ka yanke musu kunne? Rabinsu nawa ne."

Ya kashe mota, ya dube ni ta taga. Fuskar da na sani ba ita na gani ba.

"Sali, ka san a ƙasar da kake kuwa? Kana da katin zama? Ka je ka ci gaba da wankin baburanka."

"Akwai takarda a wurin Lawan."

"To ka je ka dafa ta ka sha."

Ba a jima ba jandarmomi, wato jami'an tsaron Kamaru, suka zo bakin mayo, suka kira sunana. An kai musu rahoto cewa ni ɗan leƙen asirin mutanen daji ne, wai wankin mota dabara ce, motocin soja nake ƙirgawa a kan gada. A wancan lokacin irin wannan magana tana iya kai mutum inda ba a dawowa. Ban ga laifinsu ba, an kawo musu zance dole su bincika. Aka sa ni a ɗaki ɗaya da mutane da yawa, ga zafin bazarar Garwa, numfashi ma sai mun yi layi a bakin 'yar taga. Kullum tambaya ɗaya, wa ya aiko ka, su waye abokanka. Ni da na gudo daga mutanen nan, na bar gonata da hatsina, yau ni ake kira nasu. Akwai wani dattijo ɗan Madagali da muke jingina da juna, wata safiya na tashe shi bai tashi ba.

Dada Halima ce ta fitar da ni. Tana kawo kunu tana zama a ƙofar ofishin, har ta ja Lawan ya zo da kansa ya tsaya mini. Lokacin da aka sake ni an fara ruwan damina, ƙafafuna sun kumbura. A hanya Lawan ya ce mini, "Wanda ya kai ka shi ne wanda ya sa hannu a zaurena. Na neme shi, ya tashi daga garin."

Na je gidan Dauda, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata mata mai sayar da burkutu a bayan gidan ta gane ni, ta kira ni gefe. Ta ce wata Madam daga Yawunde ta aiko direbanta ya duba 'yan kwikwiyon da iyayensu. Kafin direban ya iso, Dauda ya aro wata karyar Turawa ya ɗaure a matsayin uwa.

"Tawa fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya sayar wa masu dafa naman kare da ke zuwa shan giya a wurina. A gabana aka sa ta a buhu. Nono na zuba a jikinta."

Na juya na bar wurin. Na wuce kasuwa, da kuɗin da Lawan ya ba ni na magani na sayi wuƙa. Na zauna a rumfar itace ina wasa ta a kan dutse, Dada ta fito ta tsaya a kaina.

"Wannan ta waye?"

"Ta Dauda ce, Dada."

"In ka soke shi, ka gaskata ƙaryar da ya yi maka. Za su ce ga shi nan, dama mun faɗa. Ni kuma da na tsaya maka in zama me?" Ta miƙo hannu, na ba ta wuƙar. Ta shiga ɗaki ta fito da takardata a naɗe cikin leda. "Ga wannan. Ka same shi tukuna."

A lokacin an riga an kori mutanen daji daga Mubi, jama'a suna komawa. Da na kira Rabi ta ce sun dawo Mugulbu, ana shuka, in taho. Na ce mata akwai abin da zan gama. Ta ce wane abu ne ya fi gona da 'ya'yanka. Na dai ce ta ba ƙanena gonar ya noma. Na yi kudu, hanyar Yawunde.

Ngaundere sanyi gare ta, ruwa kuma ba ya ɗaukewa. Na samu aikin loda shanu a tashar jirgin ƙasa. A nan wani mai kwat ya ce zai yi mini katin zama, na tara abin da na samu na ba shi, ban sake ganinsa ba. Wannan bai ma dame ni ba, zuciyata ta cika da mutum ɗaya, ba wurin wani. Wani Bororo da muke kwana a rumfa ɗaya ya ga ina rawar sanyi, ya yaga bargonsa biyu ya ba ni rabi, ko sunana bai tambaya ba. Ina kwance cikin rabin bargon nan nakan shirya maganar da zan faɗa wa Dauda, in rushe, in sake shirya wata. Daga baya wani dillali ya ce yana neman wanda zai raka shanu a jirgi zuwa Yawunde, ya riƙa tayar da wadda ta faɗi kada a tattake ta. Na ce ni ne. Haka na shiga Yawunde a tsaye tsakanin ƙahonni, jikina duk kashin shanu.

Shanun na wani mahauci ne a unguwar Hausawa, Malam Tanko. A can aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano, yana jin Faransanci kamar ruwa. Ya ga ba saniyar da ta mutu a hannuna, sai ya riƙe ni. Da na lura yana aika ƙashi da tumbi gidajen masu kuɗi da ke kan tudu saboda karnukansu, na roƙe shi ya ba ni wannan aikin. Ya ce aikin wahala ne, hawan tudu da kaya a ka. Na ce ina so.

Na yi watanni ina bin gidajen nan. Yawunde gari ne na tuddai da jar ƙasa, ba ka jin kiran salla sai ka dawo unguwa. Kewar gida takan kama ni a wurin da ban zata ba, ko in ga masara a bakin hanya, ko in ji wani ya yi tari irin na mahaifina. Duk gidan da na kai kaya sai na leƙa in ga karnukan. Wata rana mai kai kaya wani gida ya yi rashin lafiya, aka ce in kai. Mai gadi ya buɗe ƙofa, sai ga karnuka huɗu sun taho a guje, baƙaƙe, kunnuwa a tsaye, ba wutsiya. Sun girma. Amma gudun ba na kare ɗan Jamus ba ne. Wannan miƙa ƙafa da sauke kai, tun ina yaro nake ganinsa a dutsen Mugulbu. Na ajiye kwanon na tsuguna, ɗaya ta zo ta shinshina hannuna. Mai gadi ya ce in tashi kada su cije ni.

Da na koma na kwashe labarin duka na gaya wa Malam Tanko. Ya ce ya san matar, Madam Odil, mijinta babban mai sayar da katako ne. Ta sayi karnukan ne don ta kai su gasar nuna karnuka, ta kuma yi kiwon irinsu, har ƙawayenta sun fara kama layin 'ya'yan da za a haifa. Ya ce mace ce da ba ta yafe raini.

"Ita nake nema," na ce.

Ya sa babbar riga ya raka ni, shi ne mai fassara. Da farko ko kujera ba ta ba mu ba, ta ce mahauta sun zo neman ƙarin kuɗi. Malam Tanko ya miƙa mata takardata. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta shiga ciki ta fito da tata takardar, wadda suka yi da Dauda a wurin lauya. A ciki Dauda ya rantse cewa uwa da uba duk tsantsar irin Jamus ne daga waje aka kawo su, in kuwa aka samu akasin haka zai mayar da kuɗi ya biya duk asarar da ta yi. Sunan uban Baron, kamar yadda yake a tawa. Watan haihuwa ya dace da watan da aka yi barbara. Sa hannun ma iri ɗaya. Ta ce dama likitan dabbobinta ya taɓa cewa ƙafafun karnukan sun cika tsawo, ta yi masa faɗa.

Ta ɗauki waya za ta kira Dauda. Na ce wa Malam Tanko ya roƙe ta ta ajiye.

"In kika kira shi yau, gobe yana wata ƙasar. Yaushe zai zo da ƙafarsa?"

Ta ce ƙarshen shekara zai kawo mata wani sabon namiji na barbara. Na ce to a bar shi ya zo. Ta ɗago ta dube ni sosai, karo na farko, ta yi murmushi. Ta sa aka kawo mana lemo.

Jiran nan bai yi mini wuya ba. Na ci gaba da kai ƙashi, ina ganin 'ya'yan Walƙiya suna cika. Abinci ma ya fara yi mini daɗi.

Ranar da Dauda ya zo gidan Madam, da hantsi ne. Ina cikin ɗakin ajiya kusa da baranda, ina jin muryarsa yana zuba Faransanci yana dariya. Ya yi ƙiba, ya sa farin yadi, sabon karen yana cikin keji a bayan motarsa. Madam ta zaunar da shi, ga lauyanta, ga Malam Tanko, ga wasu mutum biyu cikin farin kaya da bai san 'yan sanda ba ne. Ta ce ya sake gaya wa baƙinta daga wace ƙasa uwar karnukan ta zo. Ya faɗa, har da sunan gari. Sai ta ce in fito.

Duk maganganun da na shirya a Ngaundere ba wadda ta zo bakina. Na dai tsaya a gabansa na ce, "Dauda, ina kwana."

Kofin da ke hannunsa ya karkace, lemo ya zuba a farin yadin. Lauyan ya shimfiɗa takardun biyu a tebur gefe da gefe, ya tambaye shi ko wannan sa hannunsa ne. Ya fara cewa bai san ni ba, sai lauyan ya ce Lawan na Garwa ya yarda zai ba da shaida, haka ma matar da ke bayan gidansa. Nan ya juyo gare ni, ya koma Hausarmu ta gida, murya ƙasa ƙasa.

"Sali, ɗan'uwa, kada ka kashe ni a ƙasar mutane. Ka ce kuskure ne, wani kare ne daban. Zan biya ka, ko nawa ne. Zan saya maka babur."

"Ina Walƙiya?"

"Kare ne fa, Sali. Kare ne kawai."

"Ni da ka kai wa jandarmomi fa, ni ma kare ne?"

Ya zame daga kujera ya durƙusa, ya kama ƙafar wandona a gaban matar da 'yan aikinta. Na bar shi ya riƙe. Ina kallon tsakiyar kansa inda gashi ya fara zubewa, ina jin wani sanyi yana sauka a ƙirjina. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Da 'yan sandan suka ɗaga shi, na matsa gefe don su samu hanya.

Shari'ar ta ɗauki lokaci, na tsaya har ƙarshenta. Duk zaman kotu ina benci na gaba inda zai gan ni. Da labari ya bazu, wasu mutum biyu da ya sayar wa sauran 'yan kwikwiyon suka fito da nasu takardun. Aka sayar da motarsa da karnukansa, aka ɗaure shi. Maganar sharrin da ya yi mini a Garwa ma an karanta ta a gaban jama'a, alƙali ya dube shi ya girgiza kai. Madam ta ce ba ta son sake ganin karnukan a gidanta, lauyan kuwa ya ce bisa takardata huɗu dama rabona ne. Na bar wa Malam Tanko ɗaya yana gadin mayanka. Na kamo hanya da uku a motar shanu da ke komawa arewa ba kaya, ɗaya ta kamu da zawo ta mutu kafin Ngaundere, na binne ta a bakin hanya. A Garwa na tsaya na gaida Dada Halima, na kai mata turmin zane. Ta tambaye ni ko yanzu zuciyata ta huce. Na ce da saura.

Na iso Mugulbu na tarar rumbuna wayam, ɗaki ɗaya ba rufi, ƙaramin ɗana bai gane ni ba. Rabi ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Ta ce mutane sun dawo da buhun hatsi, ni na dawo da karnuka marasa kunne. Ban yi musu da ita ba. Muka gyara rufi, muka yi shuka, karnukan suka koyi dutse da kansu.

Bayan shekara biyu, wata ranar kasuwa, na dawo daga gona na tarar da wata tsohuwa zaune a tabarma a tsakar gidana, Rabi ta ba ta ruwa. Ƙanƙanuwa ce, idonta ɗaya ya yi fari. Ta ce daga Uba take, ita ce mahaifiyar Dauda. Na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida uwa. Ta ce an sako shi, yana gida kwance, ƙirji ya kama shi a kurkuku, ba ya iya ko zuwa bakin ƙofa. Ba abin da yake maimaitawa sai a je a nemo masa gafarar Sali.

"Ɗana, ban zo in ce bai yi laifi ba. Na san abin da na haifa. Kalma ɗaya zan kai masa."

Na ce ta ci abinci tukuna. Rabi ta yanka kaza, tana yi tana kallona. Tsohuwar ta ci kaɗan, ta yi salla, ta huta. Da la'asar na ɗauki ƙullin kayanta, na ƙara mata masara da gyaɗa, na ɗauke ta a babur ɗin maƙwabcina har tashar motocin Uba a Mubi. Na biya mata kuɗin mota, na roƙi direba ya ba ta gaba saboda ƙafafunta. Ta zauna, ta riƙe hannuna ta taga da hannuwanta biyu.

"To ɗana, me zan ce masa?"

Na duba fuskarta, na nemi kalmar a cikina da gaske, saboda ita. Ban same ta ba.

"Inna, ki ce masa kin same ni lafiya."

Ta saki hannuna a hankali, direba ya tayar da mota.